Ƙullin da Ba a Gani

Da la'asar ɗakin gwaji ya yi tsit,
sai gurnanin firji, da janareta can nesa.
Na ɗora yankin tsoka a kan gilashi,
bai kai ƙwayar gero ba,
na ɗiga masa rini, na kashe fitila,
na sunkuya.

Kore ne ya fara fitowa.
Zare-zare, sun fi gashin jariri siranta,
wasu a tsaye, wasu a gicciye,
kowanne da rami a cikinsa kamar sarewa.
Littafi ya ce bututu ne.
Ni kuwa dangar Baffa Manu na gani
a bayan gidanmu na Kumo.

Baffa kan ce, igiyar rama a haƙorinsa,
kara ba ya zama danga
ko ka tara dami ɗari.
Sai an kafa dirka, an gitta tanka,
an bi gaɓa-gaɓa ana ɗaurewa.
Mai wucewa kara zai yaba.
Babu mai gai da ƙulli.

To ga ƙullin a ƙarƙashin idona,
furotin ƙanana, manne da bututu.
Wannan ya riƙe shi kada ya warware,
wancan ya ɗaure shi da bangon tsoka,
wani kuwa ɗan dako ne mai ƙafa biyu,
yana taku a kan zaren da kaya a ka,
yana kai kowace cibiya mazauninta a gefe
da tazara tsakani, kamar shukar gyaɗa.
In mai baro ya yunƙura a Tashar Dukku,
in mace ta cira taɓarya sama,
su ke raɗa wa nama:
tanƙwaru, amma kada ka tsinke.

Gilashi na biyu na Gidado ne.
Ɗan yayata. Shekara bakwai.
Sha-raɓarsa ta cika kamar ta ɗan kokawa,
har maƙwabta na yi wa uwarsa barka.
Amma in zai tashi daga tabarma
sai ya kifa tafi a ƙasa,
ya dafa gwiwa, ya dafa cinya,
yana hawan kansa kamar mai hawan giginya.
An ce lalaci ne. An ce baki. An yi hayaƙi.

Na murza madubi.
Karan suna nan, har sun fi yawa,
sai dai a hargitse,
kamar danga washegarin ruwa da iska.
Igiya ɗaya ce babu.
Ɗaya tak cikin dubbai,
ba a tufka ta ba tun yana ciki.

Na daɗe ban ɗago ba.
Aka kira magariba a masallacin asibiti.
Na rubuta abin da na gani
da kalmomin da aka koya mini,
masu sanyi, marasa dangi,
na sa hannu.

Me zan ce wa Adda Jummai a Bolari?
Ba ta san furotin ba. Ta san danga.
Zan ce ba nononki ba ne, ba bakin kowa ba ne.
Zan ce akwai masu neman igiyar, ba su kammala ba,
kafin nan mu tokare,
mu miƙe masa ƙafa safe da yamma.

Da na isa, yana zaune a zaure
yana haɗa motar kara da zaren buhu.
Ya ce, Yafendo, danne mini nan.
Na sa yatsa a mahaɗar.
Ya zagayo da zare sau biyu, harshe a waje,
ya ja iya ƙarfinsa.
Ya ce, kar ki saki tukuna.

Ban saki ba.